Mai Jakunan Ruwa da Taskar Sarki

Shekarun da kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani ya sallami babanmu, muka bar gidan siminti muka koma Bukoki, a gefen garin Arlit. Baba ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, yana ɗauko gero daga Agadas. Ga fari, ga tawaye, hanyar ba ta biyuwa sai da rakiyar soji. Duk lokacin da ya tafi, mahaifiyarsa Inna Tamo, 'yar Adar mai kaifin baki, takan tara mu gaban murhu bayan magariba.

Wata tafiya, ranar dawowar Baba ta wuce bai zo ba. Inna ta hura wuta, amma ko "raggon mijina" da ta saba tsokanata da shi ba ta ce ba.

"Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. Muka ce ta iso mu ji.

Wai wani sarki ne maƙiya suka tare masa hanyar rijiya. Ya tara majalisa ya ce a ƙara wa talakawa haraji a ciyar da mayaƙa. Dattawan majalisa suka ce haba, mutanen da suka cinye har irin shuka? Ya buɗe taskar gidan sarauta mana, zinariyar kakanninsa ta yi rana. Sarki ya ce kayan gado ne, ba mai taɓawa. Su kuma suka rantse ko zangarniya ɗaya ba za a karɓa da yawunsu ba. Kullum a taru, a yi ta cacar baki, a watse. Mayaƙa suka jingine makamai suna jiran guzuri, ƙishirwa kuwa ta kama gari. Sai wani mai jakuna da 'ya'yansa ke kuka ya ɗaura salkuna, ya nufi rijiya shi kaɗai.

Ƙanwata Rabi ta ce, "Inna, wa ke da gaskiya, sarki ko majalisa?"

"Ke, mi ya dame ni da gaskiyarsu? Sarki ya mutu bisa gadonai, dattawa sunka mutu da tsufa. Jakuna dai sunka komo gida da marece, ba kowa bayansu."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A tatsuniyoyinta akwai dodo, kuma a ƙarshe akan kashe shi, amma wannan babu dodon da za a kashe. Muka jira ta rufe da ƙurunƙus, ba ta rufe ba. Ta ce mu je mu kwanta, gobe akwai baƙi.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ashe Baba ya gaji da jiran rakiya ya taso shi kaɗai, aka tare shi a hanya. Tun la'asar labarin ya iske Inna.

Yau na wuce shekarun Baba. In na ji a rediyo ana gardamar kuɗin yaƙi, har yanzu ban iya cewa wane ne mai gaskiya, na dai san akwai wanda ke kan hanya ba zai iya jira ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohuwar nan da aka kashe wa ɗa, ta haɗiye kukanta, ta zauna ta ƙirƙiro sarki da majalisarsa, don kada mu fara ji daga bakin maƙwabta.