Zakaran Alabama

Ozella Tarver, baƙar fata, ta yi rayuwarta kaf a wani ƙaramin gari na jihar Alabama da ke Kudu, tana girki a gidan abincin farar fata, ta ƙofar baya take shiga, ta nan take fita. Mace ce mai kirki, sai dai akwai abu guda da ke cinta, wato ƙanwarta Vernice. Tun suna 'yan mata Vernice ta hau jirgin ƙasa zuwa Detroit da ke Arewa, ta samu aiki, ta samu miji mai mota, har ƙuri'a take jefawa. Ita kuwa Ozella, duk zuwan da ta yi kotu don a yi mata rajistar zaɓe, korarta ake yi.

A 1964 majalisa ta amince da dokar hana wariyar launin fata. Wakilin su Vernice ya ce e, na su Ozella ya ce a'a, alhali duk 'yan Dimokurat ne. Wannan ma sai da Ozella ta ji kamar ƙanwar ce ta sake yi mata fintinkau.

A cocinsu, kowane Agusta akwai Lahadin da 'yan ci-rani ke dawowa gida, a zaɓi mutum guda ya yi jawabi kafin a ci abinci. Ozella ta sa rai bana ita ce, har sabuwar riga ta ɗinka. Sai Fasto Gaines ya ba Vernice, wai ita ta san daɗin ƙuri'a.

Vernice ta miƙe da wata hula mai gashin tsuntsu. Ta yabi wakilinta, ta ce har cocinsu yake zuwa ya gaisa da kowa hannu da hannu. Daga nan ta roƙi jama'a, ranar da suka samu ƙuri'a, su ba Dimokurat.

Jama'a suka shiga kallon juna. Baiwar Allah ta daɗe a Arewa, ta manta cewa a nan zakara ne alamar jam'iyyar, an kuma rubuta fifikon farar fata ɓaro-ɓaro a samansa.

Wani tsohon dattijon coci ya gyara murya. "'Yata, zakaran kike so mu zaɓa?"

Vernice ta daburce, ta waiwayo. "Yaya, ki yi musu bayani mana."

Ozella ba ta yi gaggawa ba. Sai da Fasto da kansa ya kira sunanta, sannan ta tashi tana gyara sabuwar rigar. Ta ce ita ba ta san wa za ta zaɓa ba tukuna, amma Litinin za ta koma kotu, mai zuwa ya biyo ta. Mutane suka yi ta amin.

Wajen rabon abinci ta zaɓo babbar cinyar zakara ta ɗora wa ƙanwar.

"Ci, 'yar Arewa. Ɗan jam'iyyarku ne, da hannuna na soya shi."

Tana faɗa, idonta na kan hular ƙanwar mai gashin tsuntsu, da ta so a ce tata ce.