Roda Tizhe da Manhajar da Ta Ƙi Sayarwa

Da hantsin ranar Laraba, 18 ga Yuni, 2025, mijinki Zacharia ya kira ni ina buɗe shago. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Malam Abdulƙadiri, Roda ta rasu." Ciwon sikilar da kika yi shekara talatin da huɗu kina fama da shi ne ya tashi tun ranar Lahadi, wannan karon bai sake ki ba. Yau kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In kunna kwamfuta, in kashe, in fita bakin titi, in dawo. Akwai maganar da ban faɗa miki ba, ita ce ta hana ni sukuni.

Shekara shida da suka wuce kika shigo shagona na buga takardu a Mubi, kina neman wurin da za ki sa cajin kwamfutarki. Kika ga na ɗan iya rubuta manhaja, kika ja kujera ba tare da an ba ki ba. Kin ce kin gaji da ganin ƙungiyoyin mata a Sahuda da Duvu suna rasa tallafi, ba don sun ci kuɗin kowa ba, sai don ba su iya haɗa rahoton da masu ba da tallafi suke so ba. Kina son manhajar lissafi da Hausa, wadda za ta yi aiki ko babu intanet, kuma kyauta. Muka sa mata suna Ma'aji.

Ba ki da haƙurin jira. Likita ya ce ki huta, ke kuwa ki hau babur zuwa Duvu ki koya wa zumuntar matan coci, washegari kina gaban kwamitin marayu na masallacin unguwarmu kina nuna wa dattawa inda za su danna. Kin zuba rubutun manhajar gaba ɗaya a intanet, kowa ya ɗauka ya gyara. Sharaɗi biyu kawai lasisin ya gindaya: kada a goge sunan waɗanda suka rubuta, kuma wanda ya ƙara wani abu ya bar shi a buɗe. Na sha ce miki mu sayar ko da da araha ne. Kika ce wanda zai iya saya ba shi kika yi wa ba.

A watan Nuwamban bara Liyatu Andrawus, ma'ajiyar wata ƙungiyar matan da mazansu suka rasu a Maiha, ta zo da kwamfuta a naɗe cikin zani. Wani kamfani daga babban birni ya sayar musu da manhaja, wa'adin da suka biya ya cika, ta kulle da bayanansu na shekara biyu a ciki. Masu ba su tallafin iri da taki za su zo bincike bayan kwana goma, mata kuma sun fara ƙus-ƙus cewa Liyatu ce ta kulle don ta ɓoye wani abu. Kika leƙa cikin manhajar. Can kika juyo min da allon. A inda ake ajiye adadin kuɗi an rubuta "ceede", kalmar Fulatanci mai nufin kuɗi da kika sa da wasa tun farkon aikinmu. Har kuskuren da muka taɓa yi, na ba watan Fabrairu kwana talatin, yana nan. Ma'aji ce aka sake wa launi aka goge sunayenmu. Kafin la'asar kin fito wa Liyatu da bayananta duka, ta koma Maiha tana kuka tana sa albarka.

Ba ki tsaya nan ba. Kin rubuta wata ƙaramar manhaja mai gwada rubutu da rubutu, layi bayan layi, ko da an canza sunaye. Ta nuna cewa layi dubu goma sha ɗaya cikin dubu goma sha huɗu namu ne. Sai kika ce adalci shi ne mu gwada namu da na sauran mutane ma. A nan ta kama layi ɗari biyu a sashen buga rasit. Ni na sa su. Na kwaso su daga aikin wani bawan Allah a wata ƙasa, na cire sunansa, don ina jin kunya ki san ban iya rubuta wurin da kaina ba.

Na ce miki babu wanda zai sani, kuma idan muka faɗa mun ba kamfanin makami. Kika dube ni kika ce, "Ni na sani, Malam. Kai ma ka sani. Da wane baki zan ce su mayar da sunana?"

A ranar kika mayar da sunan mutumin, kika rubuta masa ban-haƙuri, kika sanar a fili. Kin rubuta "mun yi kuskure", ba ki ambaci sunana ba. Ni kuwa na yi fushi, na yi mako uku ba na ɗaga wayarki. Abin da na ji tsoro ya faru, da kika rubuta wa kamfanin wasiƙa sai ya amsa cewa mu ma haka muka yi. Magana ta yi ta ja har wata shida. Ba ki nemi ko kwabo ba, kin ce su buɗe wa mutane bayanansu, su mayar da sunaye, su bar rubutun a buɗe. A watan Mayu suka buɗe wa ƙungiyoyi arba'in da ɗaya. Kan sauran buƙatun biyu kuwa har yau suna ja.

Na dawo aiki kamar babu abin da ya faru, kika miƙo min kujera kamar babu abin da ya faru. Kullum ina cewa gobe zan ba ki haƙuri. Shi ya sa nake rubuta shi a nan, inda kowa zai karanta: ni na ɗauki layukan nan, Roda ce ta ɗauki kunyar. Ki yafe min.

Ranar jana'izarki cocin bai ɗauke mu ba. Matan Duvu sun zo a ƙafa cikin ruwan sama, dattawan masallacinmu suka tsaya a ƙarƙashin bishiya har aka tashi. Liyatu ta riƙe hannun rigata ta tambaye ni wa zai ci gaba da Ma'aji. Na ce ni ne, tun kafin in yi tunani. Ban kai ki iyawa ba, kuma akwai wurare a cikin rubutun da har yanzu ban gane su ba. Wasiƙa ta bakwai zuwa ga kamfanin na aika ta jiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zacharia, da 'yarku Mercy, da mahaifinki Baba Tizhe wanda ya binne 'yar da ya yi zaton ita za ta binne shi, da duk ƙungiyoyin da kika yi wa hidima. Allah ya ji ƙanki, Roda, ya ba ki hutun da kika ƙi yi a duniya. Allah ya raya Mercy, ya sanyaya zuciyar iyalinki. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun wanda ya kamata ya ji ta yana da rai.

Abdulƙadiri Mahmoud, Mubi