Shaidar da Baffa ya ƙi yi wa Yaya Idrisa

Shekara takwas ke nan da muka binne Yaya Idrisa, wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rasu a ƙarshen damina, ana shirin yankan riɗi, yana da shekara ashirin da tara. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kansa ba, ko da yake rubutu ne kaɗai abin da na iya. Ni ba mai magana ba ce, shi kansa Bebiya yake kirana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, ranar Juma'a mai zuwa za a yi taro a unguwarmu, nan Gadarif, za a buɗe asusun taimaka wa ɗalibai masu neman karatu a ƙasar waje, kuma sunan Yaya za a sa wa asusun. Wanda zai sa sunan shi ne Baffa, ƙanin mahaifinmu. Ban yarda ba, kuma ina so masu karatu su san dalili kafin ranar.

Yaya noma ya karanta a jami'a, amma ciyawa ɗaya ce ta ɗauke masa hankali, wato ƙuduji, wanda Larabawan nan ke kira buda. Duk wanda ya taɓa shiga gonar dawa ya san shi da furensa mai kyau, kamar ba shi ne ke shanye saiwar dawa ta ƙarƙashin ƙasa ba. Yaya ya lura da wata jar dawa da tsofaffin matan unguwarmu ke shukawa a bayan gida, wadda suka ce kakanni ne suka ɗauko irinta daga yamma a hanyar hajji. Ita kam, ƙuduji ba ya yi mata ɓarna kamar yadda yake yi wa dawar manyan gonaki. Shekara biyu ya yi yana bin gidaje yana neman zangarniya. Tsofaffin suna yi masa tsiya, wai an kai mutum jami'a ya dawo yana ƙwace wa kaji abinci. Shi kuma ya ce musu ranar da ya zama dakta sai sun yi layi kafin su gan shi. Ni nake rubuta masa sunan kowace tsohuwa a jikin ambulan ɗin irin, don rubutunsa ko shi ba ya iya karantawa bayan kwana biyu.

Da wannan aikin ya nemi minha, tallafin da wata jami'a a Turai ke ba ɗaliban ƙasashenmu su yi digiri na biyu. Ya samu. Shekara biyu, da kuɗin jirgi, da masauki, da ɗakin bincike inda za a duba abin da ke cikin saiwar jar dawar nan. Sharaɗi ɗaya suka sa: ya aiko da hoton fasfonsa cikin mako shida, in ba haka ba a ba wanda ke bin sa a jerin sunaye.

Mutanenmu sun san abin da wannan ke nufi. Ba a ba mutum fasfo sai yana da takardar shaidar ɗan ƙasa. Irinmu kuwa, jikokin waɗanda suka taho hajji a ƙafa suka zauna, ba a ba mu takardar sai wani namiji daga dangin uba, mai tasa takardar, ya zo da kansa ya rantse cewa wannan jininsa ne. Kakanmu a nan ya yi noma, a nan aka binne shi. Mahaifinmu tela ne a kasuwa, ya rayu ya mutu bai taɓa neman takarda ba, don kekensa na ɗinki bai taɓa tambayarsa ita ba. Wanda ke da ita shi ne Baffa.

Baffa babban ɗan kasuwar hatsi ne. Tun yana saurayi ya bar unguwa, ya yi aure a cikin gari, kuma lokacin da ya fitar da tasa takardar, wata ƙabila ya rubuta, ba tamu ba. A kasuwa idan an gaishe shi da Hausa, da Larabci yake amsawa. Kowa ya san haka, ba wanda ke faɗa.

Akwai kuma Malam Garba a garin Basunda, ɗan wan kakanmu, shi ma yana da takarda, kuma da an aika masa da sai ya hau mota washegari. Amma a wurinmu ba a tsallake baffa. Wanda ya bar ƙanin ubansa da rai ya je neman shaida wurin dangi na nesa, ya gaya wa duniya ke nan cewa ba shi da baffa. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ba za a fara wannan abin kunya daga gidanta ba. Kuma a wurinmu ba a roƙon babba kai tsaye. Sai ka je gaisuwa, ka zauna, ka sha shayi, a yi hirar damina da farashin dawa, sai ka miƙe za ka tafi, a bakin ƙofa, sannan ka ambaci buƙatarka kamar abin da ka tuna yanzu. Shi ma babban ba ya ce maka a'a. Yana barin ka ne ka gane.

Yaya bai gane ba, ko kuma ya ƙi ganewa. Sau uku ya je shagon Baffa, ina biye da shi riƙe da fayil, don ni na jera takardun. Ina da shekara goma sha biyar lokacin. Zuwan farko Baffa ya yi murna, ya gaya wa 'yan kasuwar da ke zaune cewa wannan yaron ɗan wani maƙwabcinsu ne na da, zai tafi Turai. Na ji kalmar, na dubi Yaya, ya yi kamar bai ji ba. A bakin ƙofa Baffa ya ce a bari ya gama da motocin da ke lodi. Zuwa na biyu ya ce mako mai zuwa. Zuwa na uku, saura kwana tara wa'adi ya cika, ya sa rana da bakinsa: Alhamis, da safe, a ƙofar ofis.

Mun isa kafin a buɗe. Yaya ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Muka tsaya a inuwar wani bango, inuwar tana janyewa muna bin ta, har ta ƙare. Duk motar da ta rage gudu sai ya gyara tsayuwa. Mai shayin da ke wurin ta ba ni kujera, ta tambaye shi ko mai shaidar daga Makka zai taho. Ya yi dariya ya ce a'a, daga kasuwa ne, ta fi Makka nisa. Aka yi azahar, aka rufe tagar ofis, Baffa bai zo ba. Daga baya muka ji cewa Baffa yana wurin gwanjon riɗi tun safe, kuma ya yi ciniki mai kyau.

A hanyar gida Yaya bai zagi kowa ba. Abin da kawai ya ce mini shi ne, “Bebiya, kada ki gaya wa Inna mun tsaya a rana.”

Washegari ya tafi Basunda, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Malam Garba ya zo, ya rantse, amma takarda ba ta fita a mako guda, fasfo kuma sai bayanta. Yaya ya rubuta wa jami'ar yana neman ƙarin lokaci. Suka amsa da ladabi, suka ce sun ba na bayansa, ya sake nema baɗi. Ya sake nema, da fasfonsa sabo fil a hannu, bai samu ba. Sai ya kama aikin duba gonaki wajen iyaka. A damina ta biyu ya kamu da kalazar, zazzaɓin nan da ke kumbura saifa. Aka ɗauka maleriya ce, aka yi ta ba shi maganinta. Da aka kawo shi gari ya riga ya ƙare.

Ina so in yi adalci, don Yaya ba ya son a ƙara gishiri a magana. Baffa bai kashe shi ba, ajali ne, kuma ƙwaro ne ya cije shi. Inna tana da nata rabon, ta kuma sani, shi ya sa har yau ba ta iya kallon fasfon. Yaya ma yana da nasa, don mako biyar ya zuba wa kunya. Dokar da ta sa jikan wanda aka binne a ƙasar nan neman mai rantsuwa ita ma tana da nata. Amma na duba kalanda ba sau ɗaya ba. A daminar da ƙwaron ya cije shi, da yana shekararsa ta biyu a Turai. Safiya ɗaya ta Baffa ce ta raba wuraren nan biyu.

Yau abubuwa sun juya. Tun da yaƙi ya kwararo mutane cikin garin nan, kowa ya koma neman danginsa, ƙungiyoyi suka yi yawa, kuma mai jama'a a bayansa shi ake saurara. Sai ga Baffa ya tuna Hausa. Yana zuwa sallar Juma'a a unguwa, yana raba dawa ga mabukata, har an ba shi shugabancin ƙungiyar mutanenmu. Ni kuma bana na samu minha, zan tafi digiri na biyu a kimiyyar tsirrai bayan wata biyu. Da labarin ya kai masa, ya zo gidanmu, zuwansa na farko tun zaman makokin Yaya. Ya ce wa Inna Idrisa ɗansa ne, ciwon rashinsa bai bar shi ba, yana so ya raya sunansa. Ya ce ni ma zan zauna kusa da shi a taron, a nuna wa yara misali. Inna ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya saka. Ni ban ce komai ba, kuma ya ɗauki shirun a matsayin yarda.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da yana nan. Na san amsar, kuma ba ta yi mini daɗi. Zai yi dariya, ya ce a karɓi kuɗin, ko na Fir'auna ne, in dai yaro ɗaya zai hau jirgi. Zai ce Baffa ya tsufa, a bar shi. Wannan halin ne ya tsayar da shi a rana ranar Alhamis ɗin nan. Ina ƙaunarsa, amma ban gaji halin ba.

Makon jiya na je shagon Baffa ni kaɗai. Ban sha shayin ba, ban kuma jira bakin ƙofa ba. Ina zaune na ce masa asusun alheri ne, ya buɗe shi da kowane suna ya ga dama. Amma in sunan Yaya yake so, to ya tsaya a gaban mutane ya faɗi abin da ya faru ranar da ya sa mana.

Ya sallami masu awo. Sannan ya ce ni yarinya ce, ban san zamanin ba. Ya ce da ya shiga ofishin nan ya rantse, da an buɗe tasa takardar, an ga ƙaryar da ke ciki, lasisinsa ya tafi, 'ya'yansa bakwai su ma su zama marasa takarda. Ya ce ya kai har kwanar ofishin a mota, ya hango mu a jikin bango, ya ce wa direba ya wuce.

Ban san wannan ba sai ranar. Ashe ya gan mu.

Na ce, “Baffa, abin da ka faɗa mini yanzu shi za ka faɗa ranar Juma'a. Ba sai ka ƙara komai ba.”

Ya ce, “'Yata, kina so in tozarta kaina a gaban 'ya'yana da surukaina? Wanda ya mutu ya mutu. Ki yafe, ki tafi karatunki.”

Na ce masa mai yafewar yana maƙabarta, ni ba a bar mini wannan ba. Na yi masa sallama yadda ake yi wa babba, na fito.

Me ya rage na Yaya Idrisa bayan shekara takwas? Ba abu mai yawa ba. Ambulan ɗinsa na iri ƙwari sun cinye su a shekara ta uku, laifina ne, ban san ana sa musu toka ba. Littattafansa suna wurina, rabi na iya karantawa. Jar dawar tana nan a bayan gidaje, ba don shi ba, don tsofaffin ba su daina shukawa ba. Abin da na tabbata ya bari shi ne wata magana da ta shiga bakin matan unguwarmu. Idan yaro ya samu makaranta, wani babba ya fara ce masa mako mai zuwa, sai uwar ta ce, “Tashi ka nemi wani, kada a yi na Idrisa.” Yara da dama sun tsallake baffanninsu da wannan magana, ba wanda ya ce sun yi abin kunya. Sunansa yana aiki tun kafin a yi tunanin asusu, kuma aikin da yake yi shi ne gargaɗi a kan mutane irin Baffa. Idan aka rataya sunan a bayan kujerar Baffa, aka yi tafi, gargaɗin ya mutu. Shi nake karewa.

Ban rubuta sunan Baffa a nan ba, tarbiyyar Inna ba ta bar ni ba. Amma baffa ɗaya gare mu, kuma kasuwar hatsi ta san shi. Na ba shi dama ya faɗa da bakinsa, ya fito da sauran mutuncinsa, ya ƙi. Ranar Juma'a zan zo, zan zauna a kujerar da ya ajiye mini kusa da shi, ba zan ce uffan ba. Duk wanda ke cikin rumfar taron zai kasance ya riga ya karanta wannan, ko an karanta masa. Sai Baffa ya miƙe a gabansu ya kira sunan Idrisa, in zai iya.