Mai Sayen Idon Saniya

A layin mahauta na kasuwar Jimeta na tarar da wata dattijuwa tsaye da tabarau mai kauri, tana zaɓen idon saniya. Tana juya shi a tafin hannu har ta lalubo jijiyar bayansa.

"Bobboyi, ka sake yanke ta gajere," ta ce wa mahaucin. "Ta nan gani ke isa ƙwaƙwalwa."

"Yi haƙuri, Mama Dakta, gobe zan kula."

Da ta wuce, mahaucin ya ce mini binciken shekara ashirin a kan ido ta bari a Mubi ranar da Boko Haram suka shiga. Yanzu 'yan sakandare take koya wa yadda ido ke aiki a unguwar Damilu.

Ni kuwa na ɗauka farfesu za ta yi. Ko gaishe ta ban yi ba.