Rabin Ludayi a Gaban Manaja

Na je neman aiki a wani gidan abinci na zamani da aka buɗe kusa da tashar Sabon Birni, kuma aka ɗauke ni. Na haura shekara talatin a lokacin, ban taɓa zama gaban mutum yana yi mini tambayoyi don ya ba ni aiki ba.

Kafin nan acaɓa nake yi a hanyar Kurawa. Sau biyu aka tare ni a daji. A na biyun aka tafi da babur ɗin, na dawo a ƙafa, ba ko takalmi. Inna ta ce in na sake bin hanyar nan ba da yawunta ba. To ko in samu wannan aikin, ko in karɓi babur ɗin wani in koma dajin. Na uku babu.

Mu takwas ne a kan benci. Bakwai na riƙe da takardun makaranta cikin leda, ni hannuna kawai na kawo. Amma tun daga ƙofa dariya ke cina. Wurin sanyi ƙalau kamar cikin randa, ga kaji suna juyawa da kansu cikin akwatin gilashi. Na zuba musu ido har na kusa da ni ya zungure ni, wai an kira ni.

Manajan Bayarabe ne, haihuwar Sakkwato. Tsakaninsu da mu Gobirawa akwai wasa tun kakanni. Yana ganin tsagen fuskata ya ajiye biro.

"Yau ga bawana ya kawo kansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ubangidanka dai ya zo duba dukiyarsa."

Ya yi dariya har kujerarsa na ƙara.

"Takarda fa?"

"Babu."

"Mi ka iya?"

"Sammako. Kuma ba ni gajiya."

Ya tashi ya kai ni wajen da ake zuba abinci, ya miƙo mini ludayi da roba. "Ni mai saye ne. Shinkafa ludayi biyu, kaza yanka ɗaya. Mu gani."

Na zuba biyu, na ɗora kazar. Sannan na ƙara rabin ludayi, na miƙa masa da hannu biyu. Ban ma san na yi ba. Inna ta daɗe tana awon gero da dawa a kasuwar Bafarawa, ban taɓa ganin ta juye kwano a buhun mutum ba ta bi shi da cikin hannu ɗaya ba.

Ya leƙa robar. "Wanga na ukun fa?"

"Gyara."

"Na roƙa?"

"Ai mutumin kirki ba shi roƙon gyara. Kai za ka ba shi."

Matan kicin suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Nan take na ga dajin nan a gabana sarai.

"Nan ba kasuwar ƙauyenku ba ce," in ji shi. "Biyu, biyu ce. Sake."

Na sake. Ɗaya. Biyu. Wallahi hannun ya tafi ɗebo na uku da kansa, sai da na cafke shi da hagu na dawo da shi. Shinkafar ta zube a kan takalminsa.

Shi ke nan, manaja ya zauna a kan buhun albasa yana dariya yana share ido. Ni ma na bi shi, ludayi a hannu, ban san ko korata za a yi ba.

"Kai in na bar ka a nan, kafin la'asar ka rabar da gidan sadaka. Ka iya yanka kaza da figa?"

"Ko ido rufe."

"To baya za ka. Kar in sake ganinka kusa da mai saye."

"Za ni, bawana."

"Fita."

Aka ba ni jar riga da jar hula. A nan na saka su, na taka har gida da rana tsaka ina gaida wanda na sani da wanda ban sani ba. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce na koma barkono. Da na ba ta labari ta ce manajan nan ba a koya masa ciniki ba, amma in riƙe shi da kyau.

Yanzu ina nan Sabon Birni, a bayan kicin. Ni ke kula da kaji, da mutum biyu a ƙarƙashina.