Luke Ƙarashe da Gwangwani na Biyar

Duk baƙon da ya sauka a Maska ya tambayi gidan Baba Luke, sai a tsaya ana tunanin wane Luke yake nufi. Amma in ya ce Ƙarashe, ko akuyoyin garin sun san hanya. Dattijo ne gajere, mai faɗin kafaɗa, manomin masara da waken suya, kuma bai iya ba da labari a zaune ba. Ko tsadar taki zai yi wa mutum bayani sai ya miƙe, ya ware hannuwa, ya sauya murya. Matarsa Salama takan ce da ana girbin surutu, da rumbunsu bai taɓa yin ƙasa ba.

Sunan kuwa daga Funtuwa ya kwaso shi. Yana saurayi, da ya bar makarantar mishan, ya samu aiki a wani gidan silima. Ya fara da shara, ya koma yagar tikiti, har ya hau bene, ɗakin injin majigi. A zamanin a gwangwanaye fim yake zuwa daga Kano, in naɗin wannan ya ƙare a ɗora na gaba.

Wata shekara aka kawo wani tsohon fim na yaƙi, baƙi da fari, cikin wani yare da ko Turanci ba shi ba ne. Labarin wata ƙasa ce mai dusar ƙanƙara da sojojin waje suka mamaye, da wata ungozoma mai yawo a keke tana karɓar haihuwa, alhali a ƙasan jakarta wasiƙu ne take kai wa masu yaƙin ƙwato ƙasar. Mutanen Funtuwa ba su wahalar da harshensu da sunan fim ɗin ba, suka raɗa masa Ungozoma.

Takarda ta ce gwangwani biyar ne, huɗu suka iso. Mai silima ya ce a haska haka nan. Na huɗun ya ƙare daidai inda sojoji suka tare matar a kan gada, suka zazzage jakarta, sai bango ya yi fari fat. Kai, ranar Luke ya ga tashin hankali! Ɓawon rake ya dinga ruwa ta tagar ɗakinsa, wasu har sun fara ɗaga benci. Tsoron kada a farfasa injin ne ya sa ya zuro kai ya ƙwalla ihu: "Ku saurara! Na ga ƙarashen a Kano!"

Ko tashar motar Kano bai taɓa takawa ba. Amma wuri ya yi tsit, shi kuma baki ya buɗe. Ya ce manoma ne suka tare motar da aka ɗauko ta, suka cusa ta cikin buhun auduga, suka jefa kan lodin da za a kai gurza. Soja ya caka wuƙar bindigarsa a buhun, ta ƙwarzane ta a kafaɗa, amma ko tari ba ta yi ba, har aka tsallake da ita. Silima ta ɗauki tafi kamar rufin bene zai tashi. Mako uku ana haska fim ɗin, kuma in bango ya yi fari ba mai motsi, kowa sai ya juyo yana kiran "Ƙarashe! Ƙarashe!" Malam Lawal tela, wanda a lokacin yake koyon ɗinki, sau tara ya shiga.

Daga baya silima ta mutu, aka mai da ita siton hatsi. Luke ya dawo Maska ya kama fartanya, ya auri Salama, 'yar wani mai bishara da ko ƙofar silima bai yarda 'ya'yansa su gifta ba. Duk abin da ta sani na Ungozoma daga bakin mijinta ta ji shi, shi kuma ya yi mata alkawarin in Allah ya sa fim ɗin ya sake ɓullowa, tare za su kalla. Suka haifi Adama, suka aurar da ita, yanar ido ta fara rufe wa Salama gani, alkawarin yana nan. Abu ɗaya dai bai taɓa faɗa wa kowa ba cikin shekara arba'in da biyar: bai ga gwangwani na biyar ba.

Ran wata Alhamis da kaka, yana gona yana ɓarar masara, wayarsa ta yi ƙara. Okwudili ne, mai shagon wayoyi da faya-fayan bidiyo a Funtuwa, haifaffen garin, wanda ya sha labarin Ungozoma har ya haddace.

"Baba Luke, matar nan taka mai keke ta iso!" in ji shi. "Wani kamfani a Turai ne ya wanke tsofaffin finafinai ya sake su a faifai, ƙanena ya aiko daga Legas. Ina ganin keken da jakar na gane ta. Cikakke ne, Baba, har ƙarshe!"

Luke bai san lokacin da ya yar da buhu ba. Ya tare ɗan acaɓa da ƙasar gona a ƙafarsa, kafin su kai titi ya gaya wa mutumin labarin duka. Ya gaya wa mai rake, ya gaya wa masu faci, ya tsaya shagon Malam Lawal ya ƙwala masa daga bakin hanya. A shagon Okwudili ya karɓi kwalin da hannu biyu. Ga ta nan kuwa, da ɗankwalinta, ta ɗora ƙafa ɗaya a feda. Ya yi dariya, ya share ido, ya sake dariya.

"In saka maka ƙarshen yanzu ka tuna baya?" in ji Okwudili.

A nan ne ya farga. Murna ta sa ya manta cewa faifan nan ne kaɗai a duniya zai iya ƙaryata shi, ga shi da bakinsa ya gayyato rabin ƙasar Funtuwa. Dabara biyu ta zo masa: ko dai ya leƙa yanzu ya san abin da zai tarar, ko ya ce wa mutane faifan ya lalace. Har ya buɗe baki, sai ya tuna da Salama.

"A'a, ɗana. Na yi wa Maman Adama alkawari tare za mu gani."

Ran Lahadi bayan an tashi sujada, Musulmi kuma sun idar da Azahar, aka toshe tagogin siton Luke da buhuna. Okwudili ya ɗauro talabijin da janareta a babur. Tsofaffi suka zo daga Danja, wasu har daga Dayi, kowa da labarin bencin da ya zauna a wancan zamani. Mata suka shimfiɗa tabarmi a gaba. Salama ta ci ado da zanen bikin Kirsimeti, aka zaunar da ita dab da talabijin, ko da yake inuwa kawai take gani tana gilmawa.

Hoto na fitowa siton ya kaure da sowa. Tas yake, har numfashin mutane ana gani cikin sanyi. Luke ya miƙe, shekarunsa suka zube. Ya yi muryar soja, ya yi ta jariri, ya yi ƙarar keke. "Ga ta nan, Maman Adama! Ta gaishe da sojan, wawan har da sara mata, bai san wasiƙa tana ƙarƙashin tsumma ba!" Salama tana tafi, Malam Lawal yana buga sanda a ƙasa yana riga shi faɗin abin da zai biyo. Luke ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba.

Sai ga gada. Sojoji suka tare ta, suka zazzage jakar. Tsofaffin nan duka suka juyo suka dubi Luke, don jikinsu ya saba. Amma wannan karon bango bai yi fari ba, hoto ya ci gaba.

Mota ta ɗauke ta, ta bi wata doguwar hanya cikin ƙanƙara. Luke ya zuba wa gefen hanyar ido kamar mai jiran baƙi, yana roƙo a ransa ko manomi ɗaya ya ɓullo. Babu kowa. 

"Baban Adama, ka yi shiru," in ji Salama. "Manoman sun zo?"

Ya dube ta. Ita kaɗai ce a siton ba ta ganin abin da ake yi, kuma duk abin da ya ce shi za ta gani. Ya durƙusa kusa da ita.

"Ba su zo ba. An shigar da ita wani fili mai katanga. Suna tambayarta sunaye, ta ƙi. Ta cire ɗankwalinta ta ninke." Ƙarar bindiga ta tashi sau ɗaya, wata mata a baya ta yi salati. Ya ci gaba. "Sun kashe ta. Yanzu ga yarinyar nan da ungozomar ta karɓi haihuwarta a farkon fim, ta goya jaririn, ta ɗauki jakar, ta hau keken. Ta tafi. Shi ke nan."

Rubutu ya hau kan talabijin. Ba a jin komai sai janareta.

"Luke," in ji Malam Lawal, "ina audugar?"

Luke ya miƙe, ya cire hula. "Babu auduga, Malam. Ban je Kano ba, ban taɓa ganin wannan ba sai yau tare da ku. Tsoron ɓawon rakenku ne ya sa na ƙirƙira, daga baya kuma kunya ta hana ni faɗa. Ku yafe ni." Kunyar ta kama shi sosai, ya kasa duban inda matarsa take.

Sai ya ji an ja gefen rigarsa. Salama ce, tana dariya hawaye na bin kumatunta.

"Auduga a ƙasar ƙanƙara, Baban Adama? Baturiyar da ta koya mana karatu ta ce ba ta taɓa ganin tsiron auduga ba sai da ta zo ƙasarmu. Tun ranar da ka fara ba ni labarin nan a gindin tsamiyar gidanmu na sani."

"Kin sani? To don me ba ki taɓa cewa komai ba?"

"In ce me? Saurayin da ya ƙi yarda a kashe mace ko a cikin fim, ai shi nake so in aura."

Malam Lawal ya yi gyaran murya, ya goge ido da bakin hularsa, ya nuna talabijin da sanda. "Okwudili, kashe abin nan, mun ga nasu. Kai kuma Ƙarashe, ka bar mana baiwar Allah kwance a fili? Tashi ka fito mana da ita!"

Janareta ta yi shiru. Wani ya yaye buhun taga, hasken rana ya shigo. Luke ya mai da hularsa, bai saki hannun Salama ba, ya ware ɗayan.

"To, motar tana hawa gangaren nan ke nan," ya ce, "sai ga manoma."