Tsaga Biyu a Gefen Teburina

Ranar Laraba, saura kwana huɗu ya cire baƙaƙen kayan makokin matarsa, Wofa Bempa ya shigo layinmu na 'yan gwanjo a karo na farko a rayuwarsa. Ni na fara hango shi. Yana tafe yana leƙa fuskokin mutane kamar mai neman lambar gida, baƙin mayafin da ya yafa ya koɗe a kafaɗa har ya koma ruwan toka. Sau biyu yana wuce teburina. A na uku na kira shi.

"Wofa, in ni kake nema, ga ni nan. In kuma motsa jiki ka fito yi, ci gaba abinka."

"Ke ce Afrakoma?"

"Ni ce."

"Wando nake so," ya ce. "Ranar Lahadi za a yi addu'ar cika shekara a coci. 'Yata Konadu ta ɗinko mini farar riga daga Takoradi. Wandunan gida kuwa duk sun ƙi ni."

Ya faɗi haka ne da irin muryar da ake gaya wa mutum ƙarfe nawa. Na jawo masa benci ya zauna.

Duk wanda ya san unguwar Adum ya san Wofa Bempa mai gyaran agogo, ko da bai taɓa ɗaura agogo ba. Wofa kowa ke ce masa, yadda ake kiran kawu, har da waɗanda suka girme shi. Daga safe zuwa yamma yana bayan ɗan akwatinsa na gilashi, motocin Kumasi na busa masa hayaƙi, amma ka ga rigarsa lokacin tashi sai ka rantse yanzu ya fito daga wanka. Ba mai kuɗi ba ne. Duk abin da ke jikinsa gwanjo ne, na kuwa sani, tunda wandunan daga teburina suke fita. Samari kan kawo masa agogon da lafiyarsa ƙalau don kawai su samu hanyar tambaya, shi kuma ya ɗago ido daga gilashin dubawarsa ya ba su karatu.

"Kala uku, ɗana. Ka wuce uku ka zama motar haya." Ko ya ce, "Bel da takalmi 'yan gida ɗaya ne, kada ka raba su." Ko kuma, "Ƙafar wando ta gaida takalmi ta tsaya, ba ta kwana a kansa ba." Wadda suka fi so ita ce, "Kafin ka saya, juya shi ciki. Waje na mai sayarwa ne, ciki ne naka."

In na ji wani ɗan gayu ya zo teburina yana maimaita mini waɗannan maganganu, wai Wofa Bempa ne ya koya masa, sai in haɗiye dariyata in ba shi kayansa. Na san bakin da maganar ta fara fitowa. Mutumin nan ko singileti bai taɓa saya wa kansa ba. To shi ne ranar Lahadi zai tsaya a gaban coci, duk wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake sa kaya yana kallo, ga shi ba shi da wando ɗaya da zai tsaya masa a ƙugu.

Anti Dufie, matarsa, kifi banda take sayarwa a can ƙasan kasuwa. Gajeriya ce, zanenta biyu na sani, sai silifas ɗin da take gyarawa da waya in ya tsinke. Laraba da Asabar, ranakun da muke buɗe dilar gwanjo, kafin in gama yanke ƙarfen ɗaurin tana tsaye a kaina. Ta fiddo rabin lemun tsami daga bakin zane ta goge hannuwanta tas, don ba a taɓa kayan maigida da hannun kifi. Sannan ta fara aiki. Ta juya wando ciki ta bi ɗinkin da farce. Ta ɗaga gindinsa ga rana, in haske ya ratso ta jefar. Ta ja zif sau uku. Ta zaro aljihu ta duba, wai aljihu ne ke faɗin shekarun wando na gaskiya. Ta lashi yatsa ta murza yadin, in yatsan ya ɗauki kala ta harare ni kamar ni na rina. In kuwa abu ya yi mata, nan ne za ta ɓata rai, ta wurgar da shi ta yi tafiyarta har ƙarshen layi. Ni kuma in linke in ajiye a ƙarƙashin teburi, don na san za ta dawo.

"Anti," na kan ce mata, "ke fa, yaushe za ki saya wa kanki wani abu?"

"Ni da kifi nake wuni, yarinya. Kifi ba ya duba kala."

"Ki dinga yi wa namiji ado haka, wata rana sai an sace miki shi."

"Su sata mana. Sati biyu za su ga ainihin abin da suka ɗauka, su dawo mini da shi da kansu."

Yarinya take ce mini har na haura hamsin, saboda tun uwata ce ke kan teburin nan ta san ni. A zamanin uwar tawa ne ma ta yi tsagar farko. Ta gaji da igiyar awo, wai roba ce, tana miƙewa ta yi wa mutum ƙarya. Sai ta kawo wandon da ya fi zama wa maigidanta daidai, ta sa masa maɓalli, ta shimfiɗa ƙugun daga kusurwar teburi, ta zaro wuƙar kifinta ta tsaga katakon a inda ya ƙare. Uwata ta yi ta faɗa, Anti Dufie ta yi kamar da wani ake. Daga ranar, duk wandon da bai kai tsagar ba ko ya wuce ta, ba na Wofa ba ne. Shekara talatin da wani abu tsagar nan ba ta motsa ba, don yadda take auna masa wando haka take auna masa abinci.

Zuwanta na ƙarshe wata Asabar ce, kamar wata biyu kafin ta rasu. Ba ta zo da lemun tsami ba. Ta zauna a bencin nan, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ga wuyanta ya yi tsawo, ɗankwalin ya yi mata yawa, amma a kasuwa ba a tambayar mutum irin wannan sai ya fara da kansa. Na buɗe dila, ko kallo ba ta yi ba. Can sai ta miƙe, ta ɗora yatsu uku a gefen teburi daga tsohuwar tsagar zuwa ciki, ta zaro wuƙa ta sake tsagawa.

"Anti! Teburin nan na gidanku ne?"

"Yi mini shiru, yarinya."

"To na wane ne wannan kuma? Ko wani siririn saurayi kika samu?"

"Mai shi zai zo da ƙafarsa," ta ce. "In ya zo, kada ki bar shi ya zaɓa."

Na ɗauka wani daga cikin danginta ne za ta turo, irin masu neman aikin ofis. Babu wanda ya zo, ni kuma na manta.

Na je jana'izarta. Na ɗaura baƙi da ja, na bi layin dangi na gaisa da kowa, na zauna a ƙarƙashin rumfa, ganguna suka yi ta yi, na tashi na dawo gida na dafa abinci. Ban ji komai ba. Na yi ta jiran abin ya zo mini, bai zo ba, har yau ma jiransa nake. Abin da na sani kawai, duk Laraba da Asabar in na buɗe dila, hannuna da kansa yake zaro mai kyau ya gwada a tsohuwar tsagar ya cusa ƙarƙashin teburi. In yamma ta yi in fiddo shi in rataye da sauran. Shekara guda ina wannan shirmen, ba na ma jin kunyar kaina.

To ranar nan da Wofa ya zo, akwai ɗaya a ƙarƙashin teburin, mai ruwan toka mai duhu, yadi mai nauyi. Kafin in ɗauko, sai ya miƙa hannu ya ciro wani daga cikin na rataye, ruwan ƙasa mai sheƙi, irin wanda na yi wata uku ina neman wawan da zai raba ni da shi. Ya juya shi ciki a hankali, yadda ya sha koya wa mutane. Ya riƙe da hannu biyu yana kallo. Ya daɗe a haka.

"Na juya," ya ce. "To me ake dubawa?"

Maƙwabciyata mai sayar da riguna ta buɗe baki za ta yi dariya, na yi mata kallo ɗaya ta mayar da shi ciki.

"Ajiye wannan, Wofa. An hana ni barinka ka zaɓa."

Bai tambayi wanda ya hana ba. Na miƙa masa na ƙarƙashin teburi, na ɗaga zanen da muke karewa da shi, ya shiga baya. Da ya fito yana riƙe da ƙugun da hannu ɗaya. Na ce ya saki. Ya saki, wandon ya sulale har gwiwa, ya bar shi da gajeren wando da ƙafafu kamar na kujera. Bai yi saurin ja ba. Ya tsaya yana kallonsa a ƙasa kamar na wani ne ya faɗi.

"Haka na gida ma suke yi," ya ce.

"Me kake ci, Wofa?"

"Burodi. Da shayi."

"Da rana fa?"

"In na tuna."

Na yago wani dogon ƙyalle na ce ya ɗaga hannuwa. Na zagaya ƙugunsa, na danne wurin da farce, na linka ƙyallen biyu, na ɗora daga kusurwar teburi yadda na ga ana yi tun ina yarinya. Bai kai tsohuwar tsagar ba, ko kusa. Sai idona ya sauka kan ta biyun, wadda datti bai gama cika ta ba. Ƙyallen ya tsaya dab da ita, saura faɗin yatsa ɗaya.

Na tsaya riƙe da ƙyallen. Mai tura kaya na ihun a ba shi hanya, rediyon wani na ta waƙa, ni kuma ina jin komai daga nesa kamar kaina na cikin ruwa.

"Wofa, zo ka gani."

Ya ja wandon ya matso. Na nuna masa ta farko na ce wannan kai ne na da. Na nuna masa ta biyu, na gaya masa ranar da aka yi ta da abin da aka ce mini. Ya sa babban yatsansa a cikin tsagar, yatsan da ke kama ƙusar agogo wadda ido ba ya gani, ya bi ta sama da ƙasa.

"Da wuƙar kifi?" ya ce.

"Da ita."

Ya gyaɗa kai. "Ta san ban iya girki ba."

Na koma cikin dila na tono. Na bi ɗinki da farce, na ɗaga ga rana, na ja zif sau uku, na zaro aljihu. Na huɗu da na gwada ya zauna a kan sabuwar tsagar daidai, baƙi-baƙi mai siririn zane, wanda zai karɓi farar riga. Ya shiga ya sa. Tsayin ya yi, ƙafar ta gaida takalmi ta tsaya. Ya saki ƙugun, bai faɗi ba, sai dai ya ɗan zame ya rataya a ƙashi.

"Ya ɗan yi yawa," ya ce. "Ta yi kuskure da yatsa ɗaya. Ba ta taɓa yi ba." Ya ja ƙugun sama. "A kai wa tela ya rage. Ke kuma ki yi wata alamar, saboda gaba."

Nan ne raina ya ɓaci, karo na farko a shekara guda da na ji wani abu ya motsa a ƙirjina.

"Babu telan da zai taɓa wandon nan, babu kuma wuƙar da za ta sake hawa teburina. Ba ita ta yi kuskure ba, Wofa. Yatsa uku ta ba ka izini. Kai ne ka yi gaban kanka ka ƙara na huɗu."

Ya dube ni, ya dubi teburin. Ya koma baya ya cire wandon, ya linke shi kan kari yadda ya kamata, wannan kam ya iya. Ya zauna a benci ya ɗora shi a cinya.

"Yau Laraba ko?"

"Laraba."

"Akwai mai abinci a layin nan?"

Na ƙwala wa mai fufu kira, ta kawo malmala biyu da miyar gyaɗa da nama. Ya wanke hannu. Ya matsar da wandon gefe kada miya ta taɓa, ya fara ci. Ba ya sauri, ba ya tsayawa, idonsa na kan gefen teburin, loma na bin loma kamar mai wana agogo. Masu saye suka zo suka tafi, na sallame su ban san me na ce musu ba. Ya cinye tas, ya shanye miyar.

"Ta yi daɗi?" na ce.

"Ban sani ba," ya ce.

Ya miƙo mini kwanon.

"A ƙaro."